Kifin da Doshima Ba Ta Ci Ba

Zuwa ga Terna, jikan waɗanda suka cinye mana shanu.

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba kowace takardata kake karantawa ba, cewa kake rubutuna sawun kaji ne, balle yanzu da kake kwance can garinku a Binuwai, inda ɗan gidan waya ba ya zuwa. Amma akwai maganar da zan kai rahotonta, ta 'yarka Doshima ce, kuma ban ga wanda ya cancanci ya ji ta ba sai kai. Ka saurara, yau dai ba ka da bakin katse ni.

Azare tana nan yadda ka bar ta. Damina ta yi kyau, gero ya yi, gyaɗa ce dai ta ɗan ba da kunya. Akwatunan kayan koyon fasaha da aka kawo mana makaranta suna nan a kulle a sito, har yau ana jiran wuta. Mai shayin bakin ƙofa ya daina ajiye maka babban kofin nan, amma bai ba kowa shi ba. An kawo sababbin malamai, yara ne, ba su san wasan Fulani da Tibi ba. Ranar da muka taru yi wa iyalinka gaisuwa, wani daga cikinsu ya ji ina cewa ɓarawon shanuna ya gudu bai biya ba, ya ja ni gefe yana yi mini nasiha a kan girmama mamaci. Sai da Maman Doshima da kanta, da hawayenta da komai, ta yi masa bayanin cewa kakanninku ne aka ba kiwon shanun kakanninmu suka yanke suka cinye, tun daga ranar muke zagin juna, kuma da ban zage ka ba ranar da ta ji haushina.

Ofishinka ni aka ba. Ba don na fi kowa ba, don babu mai so ne. Shugaban makaranta ya duba ya ga ni ne na fi kowa zama da kai a gindin darbejiya, ya ce ai ko kurma ne ya ci a ce ya tsinci wani abu. Haka malamin aikin gona ya wayi gari malamin shawara. Kujerarka har yanzu ƙafarta ɗaya gajera ce, na sa mata dutse.

Ka tuna lokacin da aka kawo sabon tsarin nan, aka raba sakandare gida biyu, aka ce a ƙarshen aji uku kowane yaro sai an ware masa hanya, ko kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci, ko makarantar fasaha? Mu sauran malamai tambaya ɗaya muka iya, me kake so ka zama. Yaran kuma amsa biyu suka iya, likita ko soja, sojan ma don sun ga gwamna da kaki ne. Kai ka hana wannan tambaya a ofishinka. Ka ce tambayar baƙo ce, irin wadda ake yi wa yaro kafin a miƙa masa alewa. Taka daban ce. Kana tambayar yaro wane abu ne yake yi har a kira shi cin abinci ya ce yana zuwa, ya ƙi zuwa har abincin ya huce. Ka ce baki yana ƙarya amma ciki ba ya yi. Na yi maka dariya ranar da na fara ji, na ce dama Batibe ba zai gane komai ba sai ta hanyar ciki.

Sai ga shi tana aiki. Wanda ya ce yana mantawa da tuwo in yana gardama da yayyensa, ka kai shi kotu ya zauna ya ga lauyoyi. Wadda ta ce in akuyarsu za ta haihu ba ta iya barin wurin, ka kai ta wajen malamin dabbobi. Gani ya kori ji, kullum shi ne a bakinka, sai kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kana nanata musu cewa darasin da yaro ya ajiye a aji huɗu shi ne zai tare masa ƙofar jami'a nan gaba, kuma ranar babu malamin da zai iya buɗe masa.

Ba zan manta da Alhajin nan na Shira ba, wanda ya zo da sandarsa yana neman malamin da ya ce ɗansa injiniya zai zama. A ƙauyensu injiniya shi ne mai injin niƙa, wanda yake wuni fari fat da gari. Ya ce bai sa yaro boko don ya ƙare a niƙa wa mata dawa ba. Ba ka yi masa musu ba. Ka goya shi a babur ɗinka, da sandar da babbar rigar, ka kai shi inda ake gina gada, ka nuna masa mutumin da dukan leburori suke tsaye suna jiran ya yi magana. Ya dawo yana tambayar shekara nawa ake yi. Yaron yana politeknik yanzu, ya zo hutu ya ji labarinka, ya zauna a kujerar gaban teburinka ya daɗe kafin ya tashi.

To, bana Doshima ce a aji uku.

Akwai abin da ba ka sani ba, don lokacin ba ka gane kowa. Kwanakinka na ƙarshe a asibiti, da ciwon hantar ya ci ƙarfinka, yarinyar nan ta tsaya a bakin gadonka ta yi wa uwarta alkawari za ta zama likita. Uwar ta riƙe maganar. 'Yan cocinku suka riƙe, maƙwabta suka riƙe, har masu awo a kasuwa Dokta suke kiran ta. Kafin a yi wata biyu maganar ta juye, ta koma wai kai ne ka bar wasiyya. Ni dai ban ji ka faɗa ba, kuma ina jin da ka faɗa da ni na fara ji.

Makinta ba laifi. Lissafi kuwa ba ta da na biyu a ajin. Amma ranar da na kai su asibiti kamar yadda ka saba, aka shiga da su ɗakin wanke ciwo, na waiga ban gan ta ba. A bayan ginin na same ta, ta dafa bango tana amai. Ta wanke bakinta, ta ce Baffa don Allah kada Mama ta ji, ƙosai ne ya ɓata mata ciki. Na ce to. Ni da ita duka mun san ba ƙosai ba ne.

Na kira ta ofis na yi mata tambayarka. Ban rufe baki ba ta ce karatun littafin bayoloji. Ta faɗa tana kallona ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. Sai a lokacin na gane inda tambayarka take da rami. Tana aiki ne ga yaron da bai taɓa jin ta ba. Doshima kuwa tun tana rarrafe take jin ka kana yi wa 'ya'yan mutane ita, ta san abin da ake nema da ita, ta san amsar da za ta rufe bakin mai tambaya. Na tambayi uwar ko ka taɓa yi wa 'yarka, ta ce ba ta taɓa ji ba. Me ya hana ka, Terna? Lokaci kake jira, ko dai wanzami ne ba ya son jarfa?

Da ruwa ya ja baya na shirya tafiyar Katagum. Ka san ita ce yara suka fi so, ba don ilimi ba, don kifi. Muka cika mota muka je bakin kogi. Malamin kifi ya yi musu bayani, masunta suka nuna musu taru da koma, malamin gona na yankin ya zagaya da su fadama inda ake dashen tumatir da albasa. Da rana ta take na sa aka soyo kifi, aka barbaɗa yaji, kowa aka ƙunsa masa nasa da gutsuren burodi. Ba sai na tuna maka Doshima da kifi ba. Yarinyar da take sa hannu a kwanonka tana ɗauke kan kifin kana cikin magana da ni.

Ana rabo aka ce ba ta nan. Na hango ta can gefen fadama. Ƙaramin injin ban ruwa ne na wani manomi ya mutu, wani injiniya na ofishin noman rani da bakanikensa sun kwance shi a kan buhu. Tana tsugune a tsakaninsu, ta tattare siket ɗin makaranta, sifana a hannu. Wannan ya ce miƙo, ta miƙa. Wancan ya cire wani abu, ta karɓa ta juya shi ta leƙa cikinsa, ta tambayi aikinsa. Na aika wata ƙawarta ta kira ta. Yarinyar ta dawo ta ce mini, Malam, ta ce tana zuwa.

Kalmarka ce, babu ragi babu ƙari.

Ban sake aikawa ba. Na ajiye ƙunshin a kan kututture na zauna ina kallo. Sauran suka cinye, suka wanke hannu, suka yi wasa da ruwa, suka gaji. Injin ya yi tari ya tashi, ruwa ya tsargo ta bututu, na ga ta yi tsalle tana tafi kamar gonarta ce. Da muka tashi tafiya kifin yana nan inda na ajiye, ya sandare, ƙuda sun yi masa rumfa. Direba ne ya cinye a hanya. Har muka iso Azare ba ta tambayi ina nata ba.

Na ɗauki Hajara matata muka je wajen Maman Doshima. Na faɗa mata abin da na gani a Katagum. Maganar asibiti ban faɗa ba, don na riga na ce wa yarinyar to. Na ce a ganina makarantar fasaha ce ta dace da yarinyar, daga nan politeknik, in ta dage har jami'a.

Ka san matarka. Duk ranar da na shiga gidanku sai ta ce a ɓoye nono ga Bafulatani ya zo. Ranar ba ta ce ba. Malam Buba ta kira ni, sunana sak, a nan na san na taɓo wuri mai ciwo. Ta ce ita nas ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tsaye a bayan likitoci, ana aikenta tana cewa to, kuma ta tsaya tana kallo ciwo ya ɗauke mijinta ba ta da ikon rubuta ko ƙwaya ɗaya. 'Yarta a gaba za ta tsaya, ba a baya ba. Ta ce wace uwa ce za ta ɗauki 'ya mace mai kai irin wannan ta jefa cikin ƙattin maza tana shafa baƙin mai. Ta ce kuma alkawari aka yi a gaban gawa, ko kusa da gawa, ba abin wasa ba ne.

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Ita ta haife ta, ita za ta biya kuɗin makaranta, ita kaɗai ta rage. Ni mene ne nawa? Kujera mai gajeriyar ƙafa. Muka yi sallama muka fito, Hajara tana ce mini a hanya in cire bakina daga maganar marayu.

Shugaban makaranta yana ta matsa mini in miƙa sunaye kafin hutu. Na gama na kowa, na bar gurbin Doshima.

Ita ce ta zo da kanta, bayan an tashi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko gaskiya ne kai ka ce ta zama likita. Terna, a nan Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyau. Da na ce mata ka taɓa gaya mini a gindin darbejiya cewa injiniya kake so ta zama, da magana ta ƙare. Za ta yarda, uwar ma za ta yarda, don kowa ya san babu abin da kake ɓoye mini. Amma mutane sun riga sun sa maka magana ɗaya a baki, ban ga dalilin da zan ƙara maka ta biyu ba. Na ce mata ban sani ba. Na ce ba ka taɓa faɗa mini ko ɗaya ba, kuma ranar da ta yi alkawarin ba ka jin kowa. Abin da na sani kawai, da kana Katagum ranar nan, ba bakinta za ka kalla ba, kututturen za ka kalla.

Na kuma gaya mata gaskiyar hanyar, yadda kake yi. Mata kaɗan ne a makarantar fasaha, za a yi mata tsiya, wasu malaman ma za su tambaye ta ko ɓata hanya ta yi. Shiga jami'a ta can ya fi zagaye, sai ta riƙe lissafi da fiziks da Turanci gam. In kuma likitan ta zaɓa, kanta zai ɗauka, jini ma ana sabawa da shi, kuma zan rubuta mata da hannuna ba tare da na ce uffan ba. Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska, ta ce sai da safe Baffa. Ba ta zaɓi komai ba.

Babur ɗinka yana nan a barandar gidanku tun ranar da aka kwantar da kai, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. An yi ta taya shi, Maman Doshima ta ƙi sayarwa. Ƙanenka da ya zo ɗaukar kaya ya buga shi har ya yi gumi, ko tari bai yi ba, ya ce ya bi mai shi.

Ranar Asabar da la'asar ina tsugune ina alwala a ƙofar gida, sai na ji shi. Ba wani babur ba, naka. Wannan ƙarar ta fasasshiyar salansa da nake cewa tana firgita mini awaki. Na miƙe da buta a hannu. Ban ɓoye maka ba, bakina har ya haɗa zagin da zan tare ka da shi. Sai da na kai tsakiyar layi na tuna.

Na ƙarasa gidanku. Babur yana tsaye a kan ƙafarsa yana ta ruri, hayaƙi ya cika tsakar gida. Doshima tana riƙe da hannunsa, baƙin mai har gwiwar hannu, har goshi. Ta zubar da tsohon fetur, ta wanke tanki, ta goge fulogi, ta kwance wani abu ta busa ta mayar, yadda ta ga an yi wa injin nan na Katagum. Tun safe take kai. Uwar ta dawo daga aiki ke nan, ko farar rigar ba ta cire ba, tana tsaye a bakin ƙofa. A gefen baranda ga kwanon da ta rufe wa yarinyar kafin ta fita da asuba, da murfinsa yadda ta bar shi. Ta ɗaga murfin ta duba, ta mayar. Ta zauna a kan dakali ta fashe da kuka, ta ce a kashe mata abin nan. Doshima ta kai hannu za ta kashe, ta ce a'a, a bar shi.

Na juya na koma, don lokacin salla yana wucewa, kuma ba na son yarinyar ta ga fuskata.

Ranar Litinin Maman Doshima ta zo ofis. Ta dubi dutsen da ke ƙarƙashin kujera, ta ce Bafulatani ko kujera bai iya gyarawa ba sai bin saniya, in ɗauki alƙalami in rubuta. Na rubuta makarantar fasaha. Ta kafa sharaɗi, kuma a gabana ta kafa, cewa ba bakin titi za a tsaya ba, sai an kai jami'a, kuma duk hutu ni zan duba takardun yarinyar. Na karɓa. Sunanta ya fito, ta tafi da akwatinka na ƙarfe, an goge sunanka na farko an bar na biyu. Da na kai wa Inna mahaifiyata labari a garinmu Giade cewa 'yar abokina injiniya za ta zama, ta ce madalla, ta tambaya ko ni zan saya mata injin ko uwar.

Ban sani ba ko na yi daidai. Wataƙila likitan kake so, kana jiran ta girma ka faɗa. Wataƙila nan gaba ta sha wuya ta ce Baffa ne ya jawo mata. In haka ne a ɗora mini, na ɗauka. Abin da ka koya mini shi na yi, na kalli kwano.

Saura magana ɗaya. Ka tuna ranar da ka juyo da tambayar kaina, ka ce ni fa, me nake yi har abinci ya huce? Na ce maka lissafin shanun da kuka ci. Ka yi dariya ka bar ni. Amsar ita ce zaman gindin darbejiyar nan, ni da kai, muna gardama a kan ɗan wani ko 'yar wani, wa ya dace da me. Sau nawa Hajara ta ɗumama mini tuwo saboda kai? Ban taɓa samun aboki kamarka ba, ba a cikin dangina ba, ba a masallacinmu ba. Ina kewarka ƙwarai. Bakin da ya saba da zagi ne bai iya faɗa ba sai yau.

Na so in ce na yafe maka shanun, sai na ga in na yafe babu sauran abin da zan riƙe ka da shi. Don haka suna nan a kanka. Allahn da ya yi mu duka shi ya san inda ya ajiye ka, ni dai alheri na sani game da kai, kuma shi zan faɗa ko a gaban wa. 'Ya'yanka suna hannuna muddin ina numfashi.

Tun azahar na zauna rubutun nan. Hajara ta leƙo ta ce abinci yana hucewa, na ce mata ina zuwa. Kai ma abin da zan ce maka ke nan. Ina zuwa.

Ubangidanka, mai shanu,
Buba na Giade